Gida Biyu, Yaro Ɗaya: Riƙo a Ƙasar Gure

A ƙasar Gure da wuya ka ji an ce wani ya tafi gaban alƙali don a rubuta masa ɗan wani ya zama nasa. Amma shiga gida da magariba, lokacin da yara suka kewaye kwano, ka tambayi uwar gida 'ya'yan wane ne waɗannan. Za ta ce maka duk nata ne, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sai zama ya yi zama za ka ji cewa wannan ɗiyar ƙanenta ce, wancan jika ne da aka kawo yaye bai koma ba, na gefe kuma daga wani ƙauye na wajen Kelle aka turo shi karatu. Riƙo ke nan. Kusan kowane dangi yana da wanda ya ba da ɗa da wanda ya karɓa, manya kuma sun haddace ƙa'idojinsa ba tare da an koya musu ba. Abin da ba a cika zama a kansa ba shi ne yadda lamarin yake a idon yaron. Wanda ya ba da shi, don me ya ba da shi? Wanda ya karɓe shi, so ne ya sa, ko ɗora masa aka yi?

Gure tana kimanin kilomita 160 gabas da birnin Damagaram, a kan babbar hanyar Difa. Tsohon mazaunin sarautar Muniyo ce, a nan matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iske Muniyoma Koso a ƙarshen 1852. Tun wancan zamani gari ne da ƙauyuka ke kallo, da can don fada, yau don kwaleji da lise da asibiti da kasuwa. Kewaye da shi akwai Mangawa da Hausawa manoma, akwai Fulani da Tubawa da Buzaye masu kiwo, akwai masu aikin kanwa da dabino a kwarurruka irin na wajen Gidigir, waɗanda rairayi ke ci a hankali. Damina gajera ce kuma ba ta da alkawari. Magidanci yakan gama girbi ya kama hanyar Najeriya ko Libiya, makiyayi yakan yi watanni bai ga gari ba. Ga yawan haihuwa: binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 in an kwatanta, na 2021 ya nuna 6.2. Ga mutuwar aure, ga mata masu rasuwa wajen haihuwa. A ƙasa irin wannan ba kowane gida ke iya ɗaukar yaro daga suna har aure ba tare da wani ya kama masa ba.

Sai dai ba ta ƙofa ɗaya ake shiga riƙo ba. Akwai yaron da aka roƙa. Gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba takan kama ciki tun bai fito ba, ta ce wa ƙanenta, “In mace ce, tawa ce.” Kaka takan ɗauki ɗan fari ranar yaye da sunan a mantar da shi nono, sai kwana bakwai su zama shekara ashirin. Wanda aka yi wa takwara yakan ce a ba shi mai sunansa. A nan ba da ɗa girmamawa ce, hana shi kuwa abin faɗa ne a dangi: mutum ya haifi takwas, 'yar'uwarsa ciki ɗaya tana zaune babu mai ɗebo mata ruwa, ya ce ba ya iya rabuwa da ko ɗaya? Wanda ya karanta Baba of Karo, tarihin wata dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya ga wannan a fili. Baba, wadda kakanninta Barebari ne, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba, dangi sun ba ta 'ya'ya ta rene su.

Akwai kuma yaron da aka kai. Uwa ta rasu ta bar jariri. Aure ya mutu, uba ya karɓe 'ya'yansa ya damƙa wa tsohuwarsa ko wata matarsa, ko uwa ta tafi da ƙaramin sabon gida ya zama agola. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara, aka tura biyu wurin kawu a gari don a rage baki. Tsofaffi suna tuna yadda aka yi ta haka a yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 zuwa 1985 wadda ake kira El Buhari, da matsin 2005. Yaro ya ci jarrabawa, ƙauyensu babu kwaleji, sai a nemo masa mai masauki a Gure, wani lokaci dangi, wani lokaci abokin cinikin ubansa kawai. Wannan ma ba abin kunya ba ne a asali. Littattafan sira sun kawo cewa a wata shekarar fari a Makka, Annabi (SAW) da baffansa Abbas sun je wurin Abu Ɗalib mai yawan iyali don su rage masa nauyi, Annabi ya ɗauki Aliyu, Abbas ya ɗauki Ja'afar. Amma a wurin yaro akwai nisa tsakanin “an roƙe ka” da “an rasa yadda za a yi da kai,” kuma sau da yawa babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa wanne ne nasa. Shi ke tsintar labarin a bakin 'yan unguwa, ko a bakin wani ɗan gidan ranar da faɗa ya haɗa su.

Don a gane abin da ake miƙawa da abin da ba a miƙawa, rabon da Esther Goody ta yi yana da amfani. Ta kasance malama a jami'ar Kambirij, ta kuma zauna cikin Gonjawa a arewacin Gana. A littafinta na 1982 ta nuna cewa abin da muke dunƙulewa mu kira zama iyaye aiki biyar ne: haihuwa, ba da suna da asali, ciyarwa da reno, tarbiyya da koyar da abin yi, sai tsaya wa yaro har ya zama mai gidan kansa. Ba dole mutum ɗaya ya yi su duka ba. A tsarin Turawa na kotu, in ban da haihuwar, komai yana komawa hannun sababbin iyaye, har sunan uba. A riƙonmu suna da asali da gado suna nan gidan uba, ci da sha da tarbiyya sun koma gidan riƙo, aure kuma a yi shi tare. Amfanin wannan babba ne: yaro bai ɓata ba, ya san tushensa, ya san wadda ba za ta auru gare shi ba. Illarsa kuma ita ce abin da ke wuyan mutum biyu kowa yakan zaci ɗayan ya yi. Takardar haihuwa ta ishe mu misali. Uba yana ganin wanda yaro ke hannunsa zai yi, mai riƙo yana ganin ba shi ya haifa ba, sai lokacin rubuta sunayen masu jarrabawar BEPC a shiga sintiri tsakanin ma'aikatar magajin gari da kotu.

Addini ne ya tsayar da wannan iyaka, labarin da ya zo da ita kuma ya shafi tambayarmu kai tsaye. An sace Zaidu ɗan Harisa yana yaro aka sayar, ya faɗo hannun Nana Khadija, ta ba da shi ga Annabi (SAW) tun kafin aike. Ubansa bai daina cigiya ba. Da labari ya iske shi, ya zo Makka shi da ɗan'uwansa da kuɗin fansa. Annabi ya ce a kira yaron a ba shi zaɓi, in ya zaɓe su su tafi da shi ba ko sisi. Zaidu ya gane ubansa da baffansa, amma ya zaɓi zama. Annabi ya kai shi wurin Ka'aba ya shelanta cewa ɗansa ne, uban ya koma da kwanciyar rai. Shekaru bayan haka, a Madina, aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzab suka sauka, suka soke mayar da ɗan wani ɗan cikinka, suka yi umarni a kira kowa da sunan ubansa. Suna ya koma Zaidu ɗan Harisa, amma matsayi bai ragu ba, har ɗansa Usama ya tashi a cinyar Annabi tare da Hasan. Masu wa'azi sukan tsaya a kan hukuncin, kuma hukuncin gaskiya ne. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Zaidu ya samu abu biyun da kowane ɗan riƙo ke nema: wanda ya haife shi ya taka ƙasa ya zo nemansa, wanda ya riƙe shi kuma ya tambaye shi abin da yake so.

Dokar ƙasa ba ta shiga harkar sosai ba. Kundin dokar da Nijar ta gada daga Faransa yana da babin ɗaukar ɗa ta hannun alƙali, amma tun dokar 1962 kotuna suna bin al'adar masu shari'a a kan aure da saki da nasaba da gado, al'adar kuwa a wannan yanki ta cakuɗe da fiƙihun Malikiyya. An yi yunƙurin kafa dokar iyali a farkon shekarun 1990, aka sake a 2011, duka ba su kai labari ba saboda adawar ƙungiyoyin addini. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20 cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa gidansu. Duk da haka yawancin riƙo ba ya ganin takarda. Magana ce tsakanin manya biyu, in rigima ta taso mai unguwa ko liman ko fada su sasanta. Babu ma'aikacin da zai zo bayan wata shida ya duba ko yaron yana ƙoshi. Mai dubawa dangi ne, dangin kuma kara ta ɗaure musu baki.

Yaro ƙarami ba ya damuwa da wannan duka. Ɗan shekara uku, wadda ta goya shi ita ce uwarsa. David Brodzinsky, masanin halayyar yara a Amurka, da abokan aikinsa sun bincika abin a farkon shekarun 1980, suka ga ƙananan yara suna faɗin “ɗauko ni aka yi” da fara'a ba tare da sun fahimci ma'anarsa ba. Sai wajen shekara shida ko bakwai hankali ke kawo musu ɗaya rabin maganar: kafin wani ya ɗauka, sai da wani ya saki. A wurinmu wannan ne daidai lokacin da yaro ke fita, ana aikensa, yana zuwa lakwal da makarantar allo, yana jin gori. Daga nan yake fara tattara shaida, kuma wurin da ya fara dubawa shi ne fuskar wadda ta haife shi.

Nan al'adarmu ke yi wa yaron abin da ba ta yi niyya ba. Ɗauki kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, in an yabe shi ta kau da kai, a wajen Fulani ma abin ya fi tsanani. Ka ɗora kara a kan wannan. Mace ta ba yayar mijinta ɗa, to ba ta da bakin tambayar me ya ci, ba ta kai masa riga shi kaɗai ta bar 'ya'yan gidan, in ta zo ta iske ana dukansa ta yi kamar ba ta gani ba, ko ma ta ce a ƙara masa. In yaro ya gudo gida da kuka, uba ba ya tambayar abin da ya faru, yakan tisa ƙeyarsa ya mayar da shi kafin rana ta faɗi, ya kuma ba da haƙuri. A tsakanin manya wannan mutunci ne. Yana nufin: na ba ka amana, ban zarge ka ba, ba aro na ba ka ba. Da babu wannan kara da babu wanda zai yarda ya riƙi ɗan wani, don ba mai son a riƙa leƙa masa tukunya. Amma ɗan shekara takwas bai san wannan nahawu ba. Abin da ya gani shi ne: na gudu wurin uwata, ta mayar da ni.

Bai ga kukan da ta yi a ɗaka bayan fitarsu ba. Bai san cewa ƙullin dabino da ƙuli-ƙulin da direban motar kasuwa ya kawo “a raba wa yara” don shi aka aiko ba. Bai ji yadda take kewaye-kewaye da duk wanda ya dawo daga Gure, ta tambayi mai gida, ta tambayi uwar gida, ta tambayi awaki, don dai a ƙarshe a ce mata, “Yaran ma duk lafiya.” Son yana nan, har ya fi ƙarfin mai shi, amma an hana shi alama. Bajamushiya Erdmute Alber ta tarar da irin wannan a tsakanin Bargawan arewacin Benin, inda a da yawancin yara ba a hannun mahaifansu suke tashi ba, kuma abin kunya ne mutum ya nuna ɗan cikinsa a fili ya ce nasa ne. Sai dai a lura da wani abu. Inda kowa ɗan riƙo ne, yaro ba ya jin an ware shi, shirun uwarsa irin shirun uwar abokinsa ne. Yau abin ya sauya, a can da nan. 'Yan'uwansa shida suna gaban uwarsu, shi kaɗai ke wani gari. Yana ganin matan zamani suna kiran ɗan farinsu da suna, suna saka hotonsa a waya. Kunyar da kakarsa ta fahimta ba tare da bayani ba, shi a wurinsa tambaya ce: me ya sa ni?

Wani dogon bincike da Harold Grotevant da Ruth McRoy suka fara a Amurka a tsakiyar shekarun 1980, kan iyalai 190 masu riƙo da mata 169 da suka ba da 'ya'yansu, ya taɓa wannan wuri. Matan ba su manta ba, ko bayan shekaru. Yaran da ke hulɗa da mahaifansu kuma ba su rikice a kan ko su wane ne iyayensu ba, kamar yadda aka ji tsoro. Abin da ya fi tasiri ba yawan ziyarar ba ne, a'a ko yaron ya gamsu da irin hulɗar da ke akwai. Bahaushe ya riga ya ce zumunci a ƙafa yake. Yanzu ga waya a kowane ƙauye, amma dubi yadda ake amfani da ita: uba ya kira, ya gaisa da ɗan'uwansa minti goma, ya ce a gaida yara, ya kashe. “Ba ni shi mu gaisa” ba ta karya kara, kuma a wurin yaron ta fi buhun hatsi.

A gidan riƙo kuwa yaro ba ya auna so da abin da aka faɗa, lissafi yake yi, kuma ba ya kuskure. Kayan Salla, daga yadi ɗaya aka yanka ko nasa na gwanjo ne? In zazzaɓi ya kama ɗan gida an tafi likita, shi da ya kwanta an tafi, ko ƙwaya biyu aka sayo a tebur? Wa ake tasa da asuba zuwa famfo? In baƙo ya tambaya, “ɗana ne” ake cewa ko “yaron da ke wurinmu”? 'Ya mace ta fi shiga haɗari, don aikinta ya fi amfani ga gidan: daka, wanke-wanke, goyon ƙanne, talla. Sau da yawa da sunan karatu aka kawo ta, sai a wayi gari 'yan gida na lakwal ita tana bakin tasha da tire. Wannan shi ne riƙon sakainar kashi, kuma kowa a unguwa yana gani.

Amma a yi wa uwar riƙo adalci, don ita aka fi zagi kuma ba kullum ita ce mai laifin ba. Sau tari mijinta ne ya amsa wa ɗan'uwansa a zaure, ya shigo ya ce mata, “Gobe za a kawo yaro,” ba shawara, kuɗin cefane kuma bai ƙaru da dala ba. In ta hore shi a ce don ba ita ta haifa ba, in ta ƙyale shi a ce ta lalata ɗan mutane. Wasu matan saboda tsoron baki sukan fifita ɗan riƙo a kan nasu, shi ne mai tsoka, shi ne ba a duka. Wannan ma ba ya haifar da ɗa mai ido: 'ya'yan gida su ƙullace shi, shi kuma ya gane har yanzu baƙo ne, don baƙo ake yi wa haka. Caroline Bledsoe ta rubuta a 1990 yadda Mende na Saliyo ke ganin wahalar da yaro ya sha a hannun mai riƙo ita ke jawo masa albarka. Mu ma muna da irinta, mukan ce sai an sha wuya akan sha daɗi. Akwai gaskiya a ciki, amma magana ce da azzalumi ma ke fakewa da ita. Yaro yana iya jure gidan da kowa ke shan wuya. Abin da ke ci masa rai shi ne wuyar da aka ware masa.

Shin zuciya tana iya kama wanda bai haife ta ba kamu na gaskiya? Binciken duniya ya amsa da e. A 2007 Femmie Juffer da Marinus van IJzendoorn na jami'ar Leiden a Holan sun haɗa bincike 88 da suka shafi kusan mutum 11,000 da aka rena a gidan da ba na mahaifansu ba, ba su ga bambanci tsakaninsu da sauran mutane ba wajen ganin darajar kai. A Romaniya kuma, wani aiki da aka fara a 2000 kan yara 136 na gidajen marayu a Bukares ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi shaƙuwa da mai renonsu nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka bari. Abin da ke ɓata yaro ba rashin jini ɗaya ba ne, rashin mutum ɗaya tsayayye ne. A wurinmu wannan yana faruwa ba tare da gidan marayu ba: kaka ta rasu a kai shi wurin gwaggo, auren gwaggo ya mutu a kai shi wurin kawu, kawu ya tafi Libiya a mayar da shi hannun matar uba. Kowane hannu na dangi ne, ba wanda ya jefar da shi, amma kafin ya kai shekara goma sha biyu ya koyi kada ya saki jiki da kowa.

Wanda abin ya fi yi wa nauyi shi ne wanda ba shi da gida na biyun da za a nuna masa: jaririn da aka tsinta, ko wanda aka haifa ba aure dangi suka binne maganar. Fiƙihu ya yi wa tsintacce tanadi: ɗaukarsa wajibi ne a kan al'umma, ɗa ne ba bawa ba, in babu mai ciyar da shi baitulmali ya ciyar. Bakin mutane ne bai yi masa tanadi ba, karin maganar tsintacciyar mage ba don mage kaɗai ake yin ta ba. Saboda tsoron gori sai a ɓoye masa, wani lokaci kaka ta zama uwa, uwa ta zama yaya. A garin da kowa ya san kakan kowa sirri irin wannan ba ya zama a rufe. Yakan fashe ranar neman aure, a bakin wanda ba ya ƙaunarsa, sai ciwon ya zama biyu: asalin, da ƙaryar waɗanda ya yarda da su. Turawa sun daɗe suna rufe irin wannan da hatimin hukuma, suka dawo daga rakiyar hakan. Ingila a 1975 ta ba ɗan riƙon da ya kai shekara 18 damar ganin takardar haihuwarsa ta asali. Faransa, inda har yau mace na iya haihuwa ba ta faɗi sunanta ba, ta kafa hukuma a 2002 don taimakon masu neman tushensu.

Balaga tana zuwa da nata. Matar baffa ko matar kawu ba muharrama ba ce, 'ya'yansu ma haka. Shayarwa ce ke ɗinke wannan, kuma a Malikiyya ko sau ɗaya nono ya kai ciki a cikin shekara biyun farko ya wadatar, sai dai yawancin riƙo bayan yaye yake farawa. Saboda haka yaron da mace ta yi wa wanka da hannunta wata rana za a ce masa ya riƙa tsayawa daga bakin ƙofa, yarinya kuma ta sa hijabi gaban wanda ta tashi tana kira yaya, wani lokaci ma a ce shi za ta aura. Hukunci ne, ba ƙiyayya ba, amma in ba a yi bayani ba kora yaro ke ji.

Aure ne wurin da kara takan biya bashinta. Masu neman aure su je wurin mahaifi, ya ce musu, “Ni ba ni da ɗiya, ku tafi wurin wane.” Babu girmamawar da ta fi wannan ga mai riƙo, yarinyar kuma a ranar take ganin uwa biyu suna haɗa mata kayan ɗaki, kowace tana ƙoƙarin kada a ce ta gaza. Malikiyya ma ta sa mai riƙo cikin jerin waliyyai, bayan dangin uba. Akasin haka shi ne uban da bai taɓa aiko da ko sabulu ba, ya bayyana ranar da aka fara maganar sadaki da nasa mijin a aljihu. Shari'a tana iya ba shi walicci, amma yarinyar ta riga ta gama lissafinta.

Gado shi ne na ƙarshe, kuma nan ne rabon aikin nan biyar ke fitowa tsirara. Ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa, sai in dama yana cikin magada ta wata hanya, kamar ɗan ɗan'uwa ga mamacin da bai bar wani namiji mafi kusa ba. Aya ta 8 ta Suratun Nisa'i ta kwaɗaitar a ba dangi da marayu da suka halarci rabo wani abu, malamai kuma sun san hanya biyu da suka fi wannan ƙarfi: wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, da kyauta tun mutum na da rai da lafiya. Sai dai a Malikiyya kyauta ba ta cika sai ta shiga hannun wanda aka ba kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. “Gonar nan ta wane ce” da aka faɗa a zaure, ba shaidu ba damƙawa, komawa take cikin gado. Mutane da yawa suna gudun maganar wasiyya don gani suke kiran mutuwa ce, wasu kuma nauyin 'ya'yan cikinsu suke ji. Sai wanda ya yi shekara ashirin yana noman gonar ya tashi daga wurin rabo da abin da magada suka ga dama, ya nufi gidan ubansa inda rabonsa na shari'a yake, ya iske 'yan'uwan da bai tashi da su ba sun riga sun saba da noman kason nasa.